DOKAR GINI DA ZAFIN BAZARA A ƘASAR DAMARGU

A yau shafinmu zai duba wata magana wadda ta shafi kowane magidanci, wato yadda ake gina ɗakin kwana, da abin da doka za ta iya yi domin ɗakin ya yi sanyi ba tare da mai shi ya ƙarar da dukiyarsa wajen biyan kuɗin wuta ba. Za mu ɗauki misali daga ƙasar Damargu, wato gundumomin Tanut da Balbeji na jahar Damagaram, domin a can rana tana da ƙarfi, itace ya yi ƙaranci, wutar lantarki kuma ba ta kai ga yawancin jama'a ba.

ƘASAR DA YANAYINTA

Garin Tanut yana wajen kilomita 150 arewa da Damagaram, bisa hanyar Agadas. Balbeji tana yamma da shi. A dā tana ƙarƙashin Tanut, sai a shekarar 2011 aka maida ta gunduma mai zaman kanta. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum fiye da 400.000 a gundumar Tanut, da kusan 100.000 a ta Balbeji. Tun zamanin ayari an san Damargu da hatsi, daga nan mutanen Abzin suke awon abincinsu. Amma ƙasa ce ta bakin daji: a yawancin shekaru ruwan da ake samu a Tanut yana tsakanin milimita 200 da 350.

A watannin Afrilu da Mayu zafin rana yakan haura digiri 40 a inuwa. A Disamba da Janairu kuwa, in hunturu ya buso daga arewa maso gabas, sanyin asuba yakan sauka ƙasa da digiri 15. Sau biyu a shekara, wajen farkon Mayu da wajen tsakiyar Agusta, rana takan tsaya daidai bisa kan mutum da tsakar rana. Ɗakin Damargu ke nan yana da aiki biyu: ya tsare mai shi daga zafin bazara, ya kuma riƙe masa ɗumi a lokacin ɗari.

Akwai wani lissafi da ya kamata hukumomi su riƙe. Jama'ar ƙasarmu tana ninkawa cikin wajen shekara 20. Ma'anar haka ita ce ɗakunan da za a gina a Damargu daga yau zuwa shekara 20 masu zuwa za su kai yawan waɗanda ke tsaye yanzu, ko su fi. Ɗakin da aka gina ba daidai ba kuwa, shi da zafinsa sai ƴaƴa da jikoki sun gada. Itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

DAGA SORO ZUWA KWANO

Kakanninmu sun zauna cikin bukka mai jinka da soron ƙasa mai kaurin bango. Jinka tana numfashi, iska tana ratsa ta. Soro kuwa yana shanye zafin yini a hankali, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai dare ya raba, lokacin da mutane suke kwance a tsakar gida. Zaure da shigifa da rumfa duk inuwa ce da aka tsara da gangan.

Yau in mutum ya samu ɗan hali, abin da ya fara sa wa gaba shi ne bulo na siminti da rufin kwano. Ba za a ga laifinsa ba, domin yana da hujjoji. Azara ta yi tsada tun da giginya da goriba suka ragu, dokar gandun daji kuma ta tsare su. Gara tana cin itacen rufi. Soro yana bukatar yaɓe kafin kowace damina, samarin da za su yi aikin kuwa da yawansu sun tafi cin rani. Bugu da ƙari, tun zamanin mulkin mallaka takardun hukuma suka saba raba gine-gine gida biyu: na siminti a kira shi gini mai ɗorewa, na laka a lissafa shi cikin na wucin gadi. Wannan kalma ta shiga zukatan mutane, har ya zama mai ɗakin ƙasa yana ganin kansa a baya, ko da ɗakinsa ya fi na maƙwabcinsa daɗin kwana.

LISSAFIN ZAFI

Bari mu auna abin da ke faruwa bisa rufin kwano. Da tsakar rana, in sama ta yi garau, kowane murabba'in mita ɗaya yana karɓar ƙarfin rana na wajen wat 1000. Ɗaki mai mita 4 tsawo da mita 4 faɗi yana da rufi na murabba'in mita 16, ke nan wat 16.000 ne ke sauka a kansa. Tsohon kwano wanda ya dushe ko ya yi tsatsa yana shanye mafi yawan wannan zafi, har jikinsa ya kai digiri 60 ko 70. Kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, saboda haka nan take yake juye zafin bisa kan waɗanda ke ciki. In dare ya yi lokacin hunturu kuma, nan take yake sakin ɗumin ɗaki, a wayi gari yara suna tari.

Bango ma haka ne. Bangon laka mai kaurin santimita 40 yakan jinkirta shigar zafi na wajen awa 10. Bulo mai rami na santimita 15 ba ya riƙe shi sai na ƴan awoyi kaɗan, shi ya sa zafin azahar yake iske mutane cikin ɗaki tun kafin magariba.

Wannan ba maganar jin daɗi kaɗai ba ce, maganar rai ce. A ranar 3 ga Afrilu na 2024 an auna digiri 48,5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Cikin kwana 4 na farkon wannan wata, asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙidaya mutum 102 da suka rasu, da yawansu tsofaffi. Waɗanda zafi ya fi yi wa illa su ne waɗanda ba sa iya barin ɗaki: jarirai, da masu jego, da tsofaffi, da marasa lafiya.

WUTA BA ZA TA ISA BA

Wani zai ce ai maganin zafi na'urar sanyaya ɗaki. To, mu duba. Ƙaramar na'ura irin ta ɗaki ɗaya tana cin wat 1000 ko fiye, daidai da fanka 15 ko 20. In ta yi awa 8 tana aiki, ta cinye kilowat-awa 8 ke nan a dare ɗaya. A duk faɗin Nijar, wajen mutum ɗaya cikin 5 ne yake da wutar lantarki a gida, a karkara kuwa adadin ya yi ƙasa da haka ƙwarai. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rarrabawa daga Najeriya take fitowa. Da aka yanke ta a watan Agusta na 2023, ba a maido ta ba sai a Maris na 2024, kuma kowa ya ga halin da birane suka shiga a tsakanin nan.

Gaskiya ne matatar mai ta SORAZ, wadda ta fara aiki a watan Nuwamba na 2011 da ƙarfin tace ganga 20.000 a rana, tana cikin ƙaramar hukumar Olelewa ta gundumar Tanut. Amma man da za a ƙona domin sanyaya ɗakin da aka gina kamar tanda, dukiyar ƙasa ce ake ƙonawa, wadda da ta tafi ga injin ban ruwa ko motar ɗaukar marasa lafiya. Wutar da ta fi kowace arha ita ce wadda ɗaki bai bukace ta ba tun farko. Abin da masana ke nufi ke nan in sun yi maganar tsimin makamashi cikin gine-gine.

ABIN DA DOKOKI SUKA CE

Dokar gini ita ce takardar da hukuma take shimfiɗa ƙa'idodin da mai gini zai bi kafin a ba shi izini. Da farko irin waɗannan dokoki ba su kula da komi ba sai ƙarfin gini da tsaron gobara. Bayan tsadar man fetur ta 1973, ƙasashen Turai suka fara sa ƙa'idar tsimin makamashi a ciki. Faransa ta kafa tata a 1974. Sai dai su abokin gabarsu sanyi ne, mu kuwa namu zafi ne, saboda haka ba a kwafe dokarsu baki ɗaya a liƙa wa Tanut.

A maƙwabciyarmu Najeriya, gwamnatin tarayya ta fitar da dokar tsimin makamashi cikin gine-gine a 2017. Ta ce kada tagogi su wuce kashi 20 cikin 100 na faɗin bango sai in an yi musu inuwa, ta wajabta sa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi, ta kuma ƙayyade yawan wutar da fitilu za su ci. A shekarar 2020 majalisar ministocin ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar take ciki, ta zartar da umurni mai lamba 05/2020 bisa tsimin makamashi wajen gina gine-gine, ta bar wa kowace ƙasa aikin shigar da shi cikin dokokinta. Mu a gida muna da doka mai lamba 2018-25 ta ranar 27 ga Afrilu na 2018, wadda ta kafa tushen ƙa'idodin gini da mazauni.

Duk waɗannan matakai ne masu kyau. Amma an rubuta su cikin faransanci ko ingilishi, da lissafin da sai injiniya ke ganewa, ga gidan da mai zanen gini ya zana. A Gangara ko Tarka ko Falanko, mai gida da magini ne suke tsayawa bisa fili, su ja layi a ƙasa da sanda, gini ya tashi. Dokar da ba ta isa kunnen wannan magini ba, tana nan cikin akwatin ofis.

ABIN DA AKA RIGA AKA GWADA A ƘASARMU

Ba daga sifiri za a fara ba. A shekarar 1980, a ƙauyen Cikal na yankin Filinge, ƙungiyar Development Workshop ta fara koya wa magina yadda ake rufe ɗaki da tubalin laka kaɗai, a yi masa tulluwa ko rufi mai lanƙwasa, ba azara ba kwano. Asalin dabarar daga Nubiya take, a kudancin Masar. Daga baya an kai ta Iferwan cikin Abzin, ta kuma bazu zuwa Mali da Burkina Faso. Ana kiranta gini ba da itace ba. Irin wannan ɗaki ba ya cin bishiya ko ɗaya, gara ba ta da abin ci a rufinsa, kuɗinsa kuma yana tsayawa hannun magina da masu buga tubali na gari, maimakon ya tafi wajen sayen kwano daga waje.

A garin Yama na jahar Tawa, magini Falke Barmu ya gina masallacin Juma'a da laka tun daga 1962, har ginin ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Yamai, a 2016, an gina gidajen da ake kira Niamey 2000 da tubalin ƙasa wanda aka matse da inji, da hannun ƴar ƙasarmu Mariyama Isufu Kamara da abokan aikinta. A Burkina Faso, Faransis Kere ya gina makarantar Gando a 2001 da dabara mai sauƙi: silin na tubali a ƙasa, kwano a sama can nesa da shi, iska tana wucewa tsakani tana kwashe zafi. Waɗannan misalai sun nuna ba dole ba ne mutum ya zaɓa tsakanin laka da kwano. Ana iya haɗa su kowa ya yi aikin da ya iya. Da tsohuwar zuma ake magani.

KADA A MANTA DA RUWA

Wajibi ne a faɗi ɗaya ɓangaren. A daminar 2024 ambaliya ta hallaka kusan mutum 400 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan 1 da rabi, kuma dubban ɗakunan laka sun rushe. A farkon Satumba na wannan shekara tsohon masallacin unguwar Birni ta Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya faɗi. Wanda ya ga haka yana da dalilin tsoron laka. Amma in an bincika, yawancin ɗakunan laka daga gindi suke lalacewa, inda ruwa ya kwanta ya jiƙa bango, ko daga sama inda indararo ya toshe. Saboda haka dokar da za ta ƙarfafa ginin ƙasa domin sanyi, tilas ta tsananta wajen tsare shi daga ruwa. Ƙa'idodin biyu tare suke tafiya.

ƘA'IDODIN DA ZA SU DACE DA DAMARGU

A ganinmu, dokar da za ta yi amfani a Tanut da Balbeji ita ce gajera, wadda magini zai iya haddacewa. Ga abin da ya kamata ta ƙunsa:

1. Fuskar ɗaki. A miƙe tsawon gini daga gabas zuwa yamma, domin dogayen bangaye su dubi kudu da arewa. Bangon gabas da na yamma su ne rana take duka kai tsaye safe da yamma, saboda haka su zama gajeru, kuma ba manyan tagogi a jikinsu.

2. Rufi. Duk ɗakin kwano ya samu silin, ko da na zana ne ko tabarma ko karan hatsi da aka yaɓe, a bar rata tsakaninsa da kwano, da kafofin da iska mai zafi za ta fita. A shafa wa kwano farin fenti, domin fari yana maida mafi yawan zafin rana sama.

3. Bango. Na laka kada ya gaza santimita 40. Wanda ya zaɓi bulo, ya yi wa bangon yamma rumfa ko ya ninka shi da tubali.

4. Tagogi. Su zama matsakaita, ɗaya a kudu ɗaya a arewa suna duban juna, domin iska ta ratsa da dare. Kowace ta samu ƴar rumfa da murfin da za a rufe da rana ko lokacin ƙura. Tagar arewa ma tana bukatar inuwa, domin daga Mayu zuwa Agusta rana ta wajen arewa take bi.

5. Harsashi da magudana. Kada a ba da fili cikin kwari ko hanyar ruwa. A ɗaga gindin bango da dutse ko siminti sama da ƙasan tsakar gida, a sa indararo mai tsawo, a ƙara wa bangon gabas yaɓe mai ƙarfi, domin daga gabas hadari yake tasowa.

6. Bishiya. Kowane fili sabo ya samu aƙalla bishiya biyu, ɗaya daga cikinsu a yamma da ɗaki, kamar dogon yaro ko aduwa.

7. Madafa da fitila. A keɓe wa madafa wuri mai iska daga ɗakin kwana, a sa murhu mai tsimin itace irin su Mai Sauƙi, ko na gas. Inda akwai wuta, a yi amfani da ƙwan LED: na wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai na wat 60.

Mai karatu zai lura cewa ƙa'ida ta 1 ba ta ƙara ko dala bisa kuɗin gini. Sani kawai take bukata kafin a haƙa harsashi.

WA ZAI ƊAUKI WANNAN JINKA?

Aiki na farko na gwamnati ne. Ita ce babbar mai gini a karkara: gidajen malaman makaranta, da na ma'aikatan kiwon lafiya, da azuzuwa, da ɗakunan haihuwa. In ta bi waɗannan ƙa'idodi cikin nata gine-gine, talaka zai shiga ya ji bambanci a jikinsa, ba sai an yi masa dogon jawabi ba. Haka kuma ya kamata takardun hukuma su yarda cewa ginin ƙasa wanda ya cika sharuɗɗa gini ne mai ɗorewa, yadda mai shi zai samu takardar fili da bashin banki kamar kowa.

Na biyu, ma'aikatun magajin gari. A lokacin da ake yanka filaye ne ake yanke wa unguwa hukuncin zafi ko sanyi, domin yadda aka ja tituna haka ɗakuna za su fuskanta. Kada izinin gini ya zama sabon haraji bisa talaka. Gwamma a rage wa wanda ya bi ƙa'ida kuɗin takarda, da a ci tarar wanda ba a taɓa yi wa bayani ba.

Na uku, magina da sarakunansu. Cibiyoyin koyon sana'a da ke cikin ƙananan hukumomi su sa ginin tulluwa da ɗaura silin cikin darussansu, a kuma gayyato tsofaffin magina su koyar, tun iliminsu bai tafi tare da su ba.

Na huɗu, harshe. Mu masu aikin fassara mun san cewa doka ba ta zama ta jama'a sai ranar da suka ji ta cikin bakinsu. Damargu ƙasa ce ta Hausawa da Abzinawa da Dagira da Fulani, saboda haka a juya ƙa'idodin nan cikin hausa da tamajak da barbarci da fulatanci, da zane a gefen kowace, a karanta su a gidajen rediyon karkara. Ku kuma da kuka sauke karatun yaƙi da jahilci, ga inda iliminku zai yi rana: ku karanta wa maƙwabci wannan shafi kafin ya sayi kwano, ku tsaya tare da shi ranar jan layi, ku nuna masa gabas da yamma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tun a 1984, a taron Maradi kan yaƙi da hamada, ƴan ƙasa suka ɗauki alkawarin tsare itatuwanmu. Ɗakin da bai ci azara ba, bai kuma tilasta wa mai shi ƙona mai ba, cika wannan alkawari ne. Muna kira ga hukumomin Tanut da Balbeji, da sarakunan gargajiya, da magina, su zauna su tattauna wannan magana tun bayan girbi, lokacin da ake fara buga tubali, kafin bazara ta sake zagayowa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.